Masu son haɗa gitar a gida, ga inda muke ɓata aikinmu

Salamu alaikum ƴan uwa. Tunda na sa hoton gitar ɗin nan baƙa da na gama kwanan baya mutane ke ta tambayata yaya aka yi fentin ya fito kamar na kanti, wasu har da turo min hoton tasu wadda fentin ya tsattsage ko wuya ya lanƙwashe. Ni ba kafinta ba ne, aikin biro nake, wannan abu sha'awa ce kawai nake yi ƙarƙashin rumfa a bayan gida nan Yamai ran asabar da lahadi, amma na ɓata katako da yawa kafin in gane cewa bidiyoyin da muke kallo na ƴan Amurka da Faransa ba su san zafinmu da ƙurarmu ba.

Kuskure na farko tun a kasuwar Katako ake yinshi. Katakon da ake saidawa can yawancinshi daga ƙasashen bakin teku yake zuwa inda iska ke da laima, sai ka siyo yau gobe ka sa zarto. Wallahi kar ka yi. Katakon nan da sauran ruwa a cikinshi, in hunturu ya shigo zai tsuke, wuyan gitar ya murɗe, bakin ƙarafunan faret, wato ƴan ƙarafunan nan da ke jere a gicciye kan wuya, su fito gefe suna yankar hannu saboda itace ya ragu ƙarfe kuwa bai ragu ba. Ka ajiye shi cikin ɗaki kwance, ka sa ƴan sanduna tsakanin allo da allo iska ta riƙa ratsawa, ka barshi ya ga hunturu guda cikakke. Banda shanya a rana, tsagewa zai yi. Itacen samba ba shi da nauyi kuma yana da sauƙin sassaƙa, ya yi wa gangar jiki, sai dai laushi gare shi, kar ka yi wuya da shi. Maɗaci in ka samu busasshe marar kulli shi nafi so. Kuma dan Allah a sa ƙarfen nan na cikin wuya da ake ɗaurewa da makulli, tsirkiya shida jansu ba wasa ba ne.

Sai awo. Nan ne wanda ya iya sassaƙa ma yake faɗuwa, gitar ta fito da kyau amma ko ka saita ta da ka danna can ƙasa sai murya ta kauce. In ka ɗauki tsawon gitar kamfanin Fender, milimetir 648 ne daga ƙashin da tsirkiya ke hawa a kan wuya zuwa jaki, wato inda tsirkiya ke hawa a gangar jiki, faret na 12 dole ya faɗa daidai rabi, 324. Na farko kuma ka raba 648 da 17,817 (17 da ɗigo 817) zai baka milimetir 36,4, ka cire shi ka sake raba abin da ya rage, haka har ƙarshe. Kuskuren shine auna kowanne daga na bayanshi, ɗan kaucewar rabin milimetir sai ta yi ta taruwa. Ka lissafa duka a takarda, kowanne ka auno shi daga sama da rula ta ƙarfe. Metir ɗin tela ba na wannan aikin ba ne.

Toh yanzu fenti, wanda shine ya fi cin rai. Mutane na ɗauka fenti zai rufe aibu, alhali ƙara tona shi yake, duk layin da sanfefa ta bari sai ya fito fili ƙarƙashin berni, ruwan ƙyallin nan da ake fesawa bisa fenti. Ka bi lamba lamba, 120 sai 180 sai 240 sai 320, kana bin tsawon itace, kar ka tsallake. Maɗaci yana da ƴan ramuka a fatarshi, in baka cike su da masitik na itace, ƙullin cike ramuka, ba berni zai yi ta nutsewa ko ka fesa sau goma.

Lokacin fesawa ma abin lura ne. A watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, diluwan, ruwan da ake tsinka fenti da shi, yana bushewa tun a iska kafin ya kai jikin katako, sai ka shafa ka ji kamar yashi ko fatar lemu. Maganinshi ka fesa da sanyin safiya bayan asuba in gari ya waye, ka matso da pistole, wato bindigar fesa fenti, santimetir 15 zuwa 20, kowane layi ya hau rabin na bayanshi, hannu na tafiya kafin ka danna kuma ka saki bayan ka wuce baki. Da damina kuma matsalar daban ce, in an kwana ana ruwa ka fesa berni na selulos zai yi fari fari kamar hazo, laima ce ta maƙale a ciki. Ka jira ranar da gari ya bushe, in ya riga ya faru sau da yawa fesa siriri mai diluwan da yawa yana buɗe shi ya fita. Hunturu kuwa ƙura, ni yayyafa ruwa nake a ƙasa in kewaye wurin da leda, in bar gefe guda buɗe.

Wani abu da ya taɓa sa ni baƙin ciki sosai, na gama baƙin fenti lafiya lau na ɗora berni sai ga ƴan ramuka zagaye zagaye ko'ina. Ashe ruwa da mai ne daga tankin kwampireso, injin da ke ba pistole iska. Tun ranar kullum sai na buɗe ƙasan tankin na zubar da ruwan kafin in fara, na kuma sa abin tace iska a bakin tiyo. Hannu mai man shafawa ma yana jawo haka. Sannan kar a haɗa fenti iri biyu ba gwaji, in ka ɗora selulos kan fentin mai irin na ƙofa take zai yamutse. Guntun katako na nan, gwada a kanshi tukuna.

Maganar lafiya kuma da gaske nake. Na ga yara na fesa fentin mota mai haɗi biyu, wanda ake zuba wa ruwan taurarawa, da rawani ko ƙyalle a hanci. Ƙyalle ƙura kawai yake tarewa. Wannan fentin yana da sinadarin isosiyanat da ke kama huhu ya bar mutum da asma, in kana da hali ka kai wa masu fentin mota da ke da kayan aiki su fesa maka, in kuma selulos ne a gida ka sayi abin rufe hanci mai gwangwani biyu na gawayi. Ba fesawa cikin ɗakin kwana, ba kusa da murhu ko mai shan taba ba, diluwan kamar esansi yake kama wuta, yara kuma a kore su daga wurin.

Sai gaggawar gogewa. Ka taɓa ka ji ya bushe, amma ciki ɗanye ne. Selulos yana son sati 3 zuwa 4 a rataye cikin inuwa kafin ka goge da sanfefa da ruwa, 800 sai 1000 sai 1500 sai 2000, sannan man ƙyalli na mota. Ka sa ruwa kaɗan, ka toshe ramukan kusoshi da kakin zuma don in ruwa ya shiga itace zai kumbura ya fasa fentin. Gefe gefe kuma a hankali, nan berni ya fi siriri, shafa biyu sai ka ga ka kai launi. Yadda nake gane ya nuna, in kai hanci kusa da jikin, in har ina jin warin diluwan in mayar da ita kan ƙusa in ƙara mata sati.