Yadda na gyara rikicin wata 12 da shekara 1 a Java

Manhajar karɓar kuɗin haya nake rubutawa da Java, wani harshen rubuta manhaja. Wani ɗan haya an shigar masa wa'adin wata 12, a yarjejeniyarsa kuma shekara 1, sai manhajar ta kafe wai ba ɗaya ba ne.

Da fari na zargi alamar == da na kwatanta wa'adin biyu da ita, domin ita abin da take dubawa shi ne ko abu guda ne a ma'adanar kwamfuta. Na sauya zuwa equals(), umarnin da ke kwatanta abin da ke cikinsu. Shiru, false dai, wato ba ɗaya ba ne. Na tashi na sha shayi, na dawo.

Ashe Period, abin da na ajiye wa'adin a cikinsa, wanda ya zo da Java 8 a 2014, shekara da wata da kwana kowanne gidansa daban yake ajiye shi, equals() kuma gida-gida yake bi. Duration, takwaransa na auna tsawon lokaci, shi ne ya ruɗe ni: shi daƙiƙa yake ƙirgawa, don haka minti 60 da awa 1 daidai suke a wurinsa.

Sai na kira normalized(), umarnin da ke mayar da kowane wata 12 shekara guda, a kan kowane ɓangare kafin kwatantawa, wata 12 ya koma shekara 1, true ya fito. Kwanaki kam ba ya taɓa su, kuma da gaskiyarsa, Fabrairu ba ta kai 30 ba. Masu wa'adin kwanaki sai na ɗora wa'adin kan ranar shiga gida da plus(), na kwatanta ranakun fita.