Yadda Ake Karɓar Sabon Yaro a Gidan Reno

Sababbin masu reno sukan yi gaggawar ɗauko allo da alli. Ɗan shekara biyu a makonsa na farko ba karatu ne a gabansa ba, so yake ya san wa zai riƙe idan uwarsa ta juya baya.

Kafin ranar farko ki zauna da uwar. Ki duba katin rigakafi, musamman allurar ƙyanda ta wata 9 da ta wata 15. Ki tambayi sunan da ake kiransa a gida, don a rajista Muhammad ne, amma Abba kaɗai yake amsawa. Ki ji yadda yake cewa ruwa, da yadda yake neman fo.

Sai rabuwa, kuma a nan ake ɓata aikin. Anti ta ɗauke masa hankali da biskit, uwa ta sulale. Kada ki yarda da wannan. Yaron da ya waiga bai ga uwarsa ba, gobe tun daga bakin ƙofa zai ƙanƙame mayafinta. A maimakon haka, uwar ta durƙusa ta ce masa, "Zan dawo in ɗauke ka," ta miƙa shi hannu da hannu, ta tafi. Ban da leƙe ta taga. Zai yi kuka, ki bar shi ya yi a jikinki. In da hali ki goya shi da zanen uwar, ƙamshinta na jiki. Ban da "ga dodo nan", ban da "za a yi maka allura". Mutum ɗaya ce za ta riƙa karɓarsa duk makon, kuma a kwanakin farko awa biyu ta isa, ko da an biya kuɗin wuni. Iyaye kan yi ƙorafi a kan wannan, ki daure.

Kada ki rufe masa baki da waya. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ta ce ɗan shekara ɗaya kada ya yi kallo sam, ɗan shekara biyu kada ya wuce awa ɗaya a rana.

Idan ya saki jiki, sai wasa. Kayan wasa masu tsada asarar kuɗi ne; kwali, kofunan roba da yashi sun wadatar. Ki riƙa faɗa masa sunan duk abin da ya taɓa. Gyaɗa, alewa da murfin kwalba a kawar da su, suna shaƙe yaro. A wanke hannu da sabulu kafin abinci, barcin rana a cikin gidan sauro. Lokacin tashi, wanda uwa ta rubuta sunansa kaɗai ake ba yaro, ko da wani ya ce shi kawunsa ne.