Kurakuran da Birane ke Yawan Yi Wajen Tsara Rage Hayaƙi da Nemo Kuɗinsa

A watan Afrilun 2022 Hukumar Tarayyar Turai ta zaɓi birane 112, ɗari daga ƙasashen tarayyar, sauran 12 kuma daga ƙasashen da ke ƙawance da ita a fannin bincike, domin su yi ƙoƙarin kaiwa matsayin da hayaƙi mai ɗumama duniya da suke fitarwa ba zai wuce wanda ake janyewa daga sararin sama ba, nan da shekarar 2030. An kafa musu dandalin tallafi mai suna NetZeroCities, aka buƙaci kowane birni ya rubuta yarjejeniya mai sassa uku, wato alƙawuran masu ruwa da tsaki, da tsarin aiki, da tsarin zuba jari. Abin da shirin ya fito da shi fili, kuma birane a wasu nahiyoyin sun daɗe da saninsa, shi ne cewa rubuta buri yana da sauƙi, amma nuna wanda zai biya da inda kuɗin zai fito shi ne inda ake tuntuɓe.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne a bar tsarin a hannun sashen muhalli kaɗai. Ma'aikatan wannan sashe su ne suka fi sanin batun, amma ba su ke riƙe da lalitar birni ba, ba su kuma ke bayar da kwangilar hanya ko sayen motocin haya ba. Sai a wayi gari da kyakkyawan kundi a ofis guda, kasafin kuɗi kuma yana tafiyarsa a wani ofishin kamar ba su san juna ba. Birnin Oslo na ƙasar Norwe ya magance wannan tun daga kasafin 2017, inda ya shigar da lissafin hayaƙi cikin kasafin kuɗin shekara, ya kuma ɗora alhakinsa a kan sashen kuɗi. Kowane mataki ana rubuta yawan hayaƙin da ake sa ran zai rage, da hukumar da za ta aiwatar, da kuɗin da aka ware, sannan a bayar da rahoto a lokacin da ake bayar da rahoton sauran kashe-kashe. A ganina babu gyaran da ya kai wannan amfani, domin yana tilasta wa majalisar birni ta ga giɓin da ke tsakanin alƙawarinta da abin da ta ware kowace shekara.

Akwai kuma kuskuren jingina ƙarshen lissafi a kan aiki guda ɗaya wanda kuɗinsa yake hannun wani. Kwapanhagan, babban birnin Denmak, ya sanar a 2012 cewa zai kai matsayin da hayaƙinsa ba zai wuce wanda ake janyewa ba a 2025, kuma ya yi aiki na gaske wajen sauya makamashin ɗumama gidaje da bunƙasa lantarkin iska da hanyoyin kekuna. Sai dai wani babban kaso na abin da ya rage an ɗora shi ne a kan kama iskar kabon daga masana'antar ƙona shara ta Amager Bakke, kuma a 2022 ta tabbata cewa kamfanin da ke gudanar da ita bai cika sharaɗin jarin da ake buƙata ba domin samun tallafin gwamnatin ƙasa. Daga nan birnin ya amince cewa wa'adin 2025 ba zai yiwu ba. Birnin da yake son kauce wa irin wannan ya kamata ya ware matakan da ke ƙarƙashin ikonsa daga waɗanda ke jiran amincewar wani, ya kuma tanadi madadi ga kowane babban mataki tun kafin a sanar da shekara. Haka nan bai dace a cike giɓi da sayen takardun diyyar kabon ba, wato biyan wasu su rage hayaƙi a wani wuri a madadin na birnin. Shirin na Turai ma ya shawarci birane da kada ragowar hayaƙin da za a biya diyyarsa ya wuce kashi 20 cikin ɗari.

Wasu biranen kuma suna ƙidaya abin da hukuma ta mallaka kawai, kamar fitilun titi da ofisoshi da motocin kwashe shara, alhali mafi yawan hayaƙin yana fitowa daga gidajen jama'a da masana'antu da motocin da ba na hukuma ba. Idan haka ne, mafi yawan jarin ma daga magidanta da kamfanoni da bankuna zai fito, kuma aikin birni shi ne ya share musu hanya ta dokokin gini da lasisi da filaye da kwangila mai dogon zango. Birnin Bristol na Ingila ya bi wannan hanya da haɗin gwiwar shekara 20 da kamfanonin Ameresco da Vattenfall, domin a gyara gine-gine a kuma faɗaɗa bututun ɗumama gidaje da kuɗin 'yan kasuwa. Irin wannan yarjejeniya tana buƙatar lauyoyi da masana kuɗi na ɓangaren birni waɗanda suka san abin da suke sa wa hannu, in ba haka ba riba za ta tafi waje, asara ta zauna a gida.

Sau da yawa ana jin shugabannin birane suna kukan cewa babu kuɗi, masu bayar da rance kuma suna cewa babu ayyukan da aka gama shiryawa har suka cancanci rance. Duka biyun gaskiya suke faɗa. Jerin buri ba aiki ba ne a idon banki. Banki yana son binciken yiwuwar aiki, da izinin fili, da ƙiyasin kuɗin shiga, da bayanin wanda zai ɗauki asara idan abin bai tafi daidai ba. Shirya waɗannan yana cin kuɗi da lokaci, kuma an kafa asusu musamman dominsa. Bankin Zuba Jari na Turai yana da shirin ELENA tun 2009, sannan a 2020 shi da Bankin Duniya suka buɗe wani asusun da ke taimaka wa biranen ƙasashe masu tasowa a matakin farko na shirya ayyuka. Ƙananan ayyuka kuwa, kamar sanya faifan sola a makarantu da asibitoci, gara a haɗa su wuri guda su zama babban aiki ɗaya, domin babban banki ba zai ɓata lokacinsa a kan rufin makaranta guda ba.

Takardun lamuni na ayyukan muhalli, wato takardun da birni ke sayar wa masu jari domin ya ranci kuɗi, sun ja hankali sosai tun da Gothenburg ta Suwidin ta zama birni na farko da ya fitar da su a 2013, Johannesburg ta biyo baya a 2014, Cape Town a 2017. Kuskuren shi ne a fara tallan lamuni kafin a tabbatar da ikon doka na cin bashi da kuma kuɗin shigar da za a biya shi. Dakar ta shafe shekaru tana gyara littattafan kuɗinta domin fitar da lamunin birni na sefa biliyan 20 a 2015, amma gwamnatin tsakiya ta Senegal ta tsayar da shi ana gab da buɗe sayarwa. Wannan darasi ya shafi biranen Afirka ta Yamma kai tsaye, musamman irin Kano da Legas inda ikon haraji da bashi yake hannun gwamnatin jiha, ba a hannun hukumar birni ba. Tattaunawa da matakin gwamnati na sama ita ce ya kamata ta zo da farko, a kuma samu amincewarsa a rubuce.

Wajen sayen kaya ma ana kuskure, inda ake duba farashin saye a manta da kuɗin gudanarwa. Bas mai lantarki ta fi mai dizal tsada a ranar saye, amma ta fi ta arha wajen makamashi da gyara. Santiyago ta ƙasar Chili ta warware wannan a ƙarshen 2018 ta hanyar raba mallaka da gudanarwa: kamfanin lantarki na Enel X ya sayi bas ɗari masu lantarki ƙirar kamfanin BYD na ƙasar Sin ya bayar da su haya ga kamfanin sufuri, wanda ke biya a hankali.

Sai batun talaka, wanda ake yawan tunawa da shi bayan an gama tsari. Zanga-zangar masu riguna ruwan ɗorawa a Faransa a 2018 ta samo asali ne daga ƙarin harajin mai, kuma faɗaɗa yankin harajin motoci masu hayaƙi zuwa dukan Landan a watan Agustan 2023 ya gamu da turjiya duk da tallafin sauya mota da aka tanada. Duk matakin da zai ƙara wa mai ƙaramin ƙarfi kuɗin sufuri ko haya ko wuta, dole ne a rubuta kuɗin sauƙaƙa masa a cikin tsarin zuba jarin tun farko, a fara biya kafin harajin ya soma aiki, a kuma tanadi motocin haya masu arha a unguwannin da abin zai fi shafa.