Kurakuran da aka fi yi a binciken diyya a kotunan haƙƙin ɗan Adam na Afirka

Ɗaliban shari'a da ke rubuta kundin digiri kan diyyar waɗanda gwamnati ta take wa haƙƙi suna ƙaruwa, kuma abin farin ciki ne. Sai dai kurakurai iri ɗaya ake ta maimaitawa daga wannan kundi zuwa wancan, alhali gyaransu ba shi da wuya.

Wanda aka fi saurin gani shi ne cuɗa hukuma da kotu. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka, wadda aka kafa a 1987, tana Banjul a Gambiya, abin da take fitarwa kuwa shawarwari ne. Kotun Afirka tana Arusha a Tanzaniya, hukuncinta wajibi ne a kan ƙasar da aka kai ƙara. Kotun ECOWAS da ke Abuja daban take, a 2005 aka ba ta hurumin sauraron ƙarar take haƙƙi. Sai ka ga ɗalibi ya rubuta cewa kotu ta umarci Najeriya ta biya mutanen Ogoni diyya a 2001, ga shi kuwa Hukumar Banjul ce ta duba wannan ƙorafin. Duk shari'ar da za ka kafa hujja da ita, fara da tantance wa ya yanke ta, kuma wane sashe ne ya ba shi iko.

Haka batun wanda ƙofa ta buɗe wa. Najeriya ta amince da yarjejeniyar kafa Kotun Arusha, amma ba ta yi sanarwar sashe na 34(6) ba, wadda ita ce ke bai wa ɗaiɗaikun mutane damar shigar da ƙara kai tsaye. Ruwanda da Tanzaniya da Benin da Kwaddebuwa sun yi sanarwar, daga baya suka janye. Nijar da Mali da Burkina Faso kuma sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Wanda ya kwafo jerin ƙasashe daga maƙalar shekara goma baya, zai kai karatu inda babu hanya. A duba matsayin kowace ƙasa a ranar da ake rubutun, a kuma rubuta ranar.

Kuskuren da ya fi waɗannan zurfi shi ne ɗaukar cewa kuɗi ne kaɗai gyaran zalunci. Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a Disamban 2005 sun kawo hanya biyar: mayar wa mutum abin da aka ƙwace, biyan kuɗi, jinya da farfaɗo da rayuwa, wanke suna da bayyana gaskiya, sai tabbacin cewa ba za a sake ba. Dubi shari'ar al'ummar Ogiek ta Kenya. A Yunin 2022 Kotun Arusha ta ce a biya su shilin miliyan 57.85 na asarar dukiya da miliyan 100 na raɗaɗin da aka jefa su ciki, amma ƙashin bayan hukuncin shi ne a shata musu ƙasarsu a dajin Mau, a ba su takardar mallaka ta haɗin gwiwa. A shari'ar ɗan jarida Norbert Zongo da aka kashe a Burkina Faso a 1998, kotun ta umarci a sake buɗe bincike a 2015, ban da kuɗin da ta yanke wa iyalai. Mai binciken da ya jera alƙaluma kawai a tebur ya bar rabin hukuncin a waje.

Na bar mafi muni a nan, don shi ne ya fi ɓata mini rai: a rufe babi ranar da alƙali ya karanta hukunci, a kira shi nasara. Nasarar wa? A Oktoban 2016 Kotun ECOWAS ta ce a saki Sambo Dasuki a biya shi naira miliyan 15. Sai Disamban 2019 ya fito. Mutanen Ogiek, da hukunci biyu a hannunsu, an sake rushe wa wasunsu gidaje a ƙarshen 2023. Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana 'yar shekara 12 a yankin Ƙonni, ta yi nasara a kan Nijar a Kotun ECOWAS a 2008, aka yanke mata sefa miliyan 10, kuma an biya ta. Ko a nan tambaya ba ta ƙare ba: me ya sauya ga sauran matan da ake riƙe da su a matsayin wahaya, wato matan da ake saye a riƙe kamar bayi ko ƙwaraƙwarai? Wannan ce tambayar da kundi ya kamata ya bi, domin saboda waɗannan mutane aka kafa kotunan tun farko.

Gyaransa aiki ne na ƙafa da haƙuri. A ɗauki kowane umarni da ke cikin hukuncin ɗaya bayan ɗaya, a bi sawunsa: an cika, an cika rabi, ko an yi biris. Kotun Arusha tana bayyana ƙasashen da suka ƙi biyayya a rahoton da take miƙa wa Tarayyar Afirka duk shekara. A Najeriya, ofishin Babban Lauyan Tarayya ne aka ɗora wa alhakin aiwatar da hukuncin Kotun ECOWAS, don haka can za a rubuta wasiƙa. Lauyoyin da suka tsaya a shari'ar su ma sun san inda aka kwana.

Akwai kuma masu ɗauko hukuncin kotun Turai ko na Latin Amurka su liƙa wa Afirka ba tare da kwatanta nassi ba. Sashe na 41 na yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ya fi karkata ga kuɗi, kuma suna da kwamitin ministoci mai sa ido kan biya. Sashe na 27 da Kotun Arusha ke aiki da shi ya fi faɗi, amma sa idon ne da rauni. A yi kwatancen, sai dai a faɗi inda suka rabu.

Idan kuma bincikenka ya kai ka gaban wanda aka zalunta, ka gaya masa tun kafin ka kunna rakoda cewa kai ɗalibi ne, ba ka zo da kuɗi ba, ba ka kuma da ikon sa a biya shi. Ka nemi yardarsa, ka sakaya sunansa in ya so, kuma in ka gama ka koma ka karanta masa abin da ka rubuta a harshen da yake ji.