In tsohuwar da kike kula da ita ta daina walwala, a duba jininta

Wannan na 'yan uwa ne masu aikin kula da tsofaffi a gidaje a Amurka, musamman su Bronx da ke birnin New York, inda kusan rabin mutane masu jin Sifaniyanci ne.

Da farko dai ki sa ido. Tsohuwa ba za ta buɗe baki ta ce miki tana da ciwon damuwa ba, sai dai ta ce "nervios" (wato jijiyoyi da Sifaniyanci) ke damunta, ko jiki ba ƙwari, ta ture kwanon shinkafa da wake gefe, rediyon da take ƙure wa murya tun safe ma ta daina kunnawa. In abin ya wuce sati 2 ki rubuta a takarda, ki gaya wa 'ya'yanta.

Ranar ganin likita ki roƙa a haɗa da gwajin bitamin B12 da folet (shi ma bitamin ne) da homosistin. Shi homosistin ɗin nan jiki ne ke samar da shi in ya sarrafa furotin, kuma B12 da B6 da folet ne ke rage shi, to in sun yi ƙaranci sai ya taru a jini, in lambarsa a gwaji ta haura 15 ana cewa ya yi yawa, kuma an sha ganin haka tare da damuwa a tsofaffi. Ki tambaya ko sai da azumi za a ɗebi jinin.

Ki kwashi duk magungunanta a leda ki tafi da su, wallahi nan ne ake yawan gano bakin zaren. Metformin na ciwon suga da omeprazole na olsa duk suna hana jiki tsotsar B12 in an daɗe ana sha, ga suga ya yi katutu a cikin masu jin Sifaniyanci. Ciwon ƙoda ma na ɗaga homosistin.

Abinci kuma, wake da alayyahu suna da folet, B12 sai nama, hanta, kifi, ƙwai da madara. Tun 1998 ake zuba folik asid (folet ɗin da ake haɗawa a masana'anta) a fulawa a Amurka amma garin masarar da 'yan Meziko ke yin tortiya (gurasarsu) da shi sai 2016 aka ba da izini, shi ma a lokacin ba a sa dole ba, don haka ki karanta jikin leda.

Don Allah kar ki sayo mata folik asid da kanki, yana iya rufe ƙarancin B12 alhali jijiyoyi na lalacewa. Kuma saukar lambar homosistin ba shi ne warkewar damuwa ba, a yi mata maganin damuwar daban. In ta fara maganar gara ta mutu ki kira 988, layin agajin masu tunanin kashe kansu, nan take, ki danna 2 a yi mata magana da Sifaniyanci.