Yadda iyaye za su bi shirin kotun gyaran matasa masu shaye-shaye a Amurka

Kafin ku sa hannu a takardar shiga shirin, lauyan yaron ya bayyana muku sharuɗɗan, domin a wasu kotunan sai yaron ya amsa laifi tukuna.

Da farko akan bayyana gaban alƙali duk mako ko duk mako biyu, uwa ko uba na tare da yaron. Gwajin fitsari kuwa ba a faɗin ranarsa, kuma nan ne aka fi tuntuɓe: rashin zuwa, ko fitsarin da ya tsinke saboda yawan shan ruwa, ana iya ɗaukarsu tamkar an samu ƙwaya. Idan likita ya rubuta masa magani, ku miƙa takardar tun ranar farko. Ku tanadi abin hawa ma, don tsallake zaman shawarwarin iyali yana iya jinkirta wucewar yaron zuwa mataki na gaba na shirin.