Yadda na gyara kwanciyar ruwa a rufin shagunanmu

Daminar bara rufin kankaren shagunanmu ya fara yoyo. Da na hau, na tarar ruwa ya kwanta har idon sawu, leda da ganyen darbejiya sun toshe bakin bututu ɗaya tilo da ke sauke shi. Hankalina ya tashi, domin ruwa mai zurfin santimita 10 nauyinsa kilo 100 ne a kowace murabba'in mita.

Na yashe bututun, na kifa masa rariyar ƙarfe. Sannan muka huda katangar rufin, muka kafa indararo inci 2 sama da bakin bututun, hanyarsa daban. Ta gaban shagunan na fito da shi da gangan: ranar da ya zubar da ruwa, kowa zai gani, mu san bututun ya toshe.